Darasin Wannan Wata: Gidan Adana Tsofaffin Jiragen Sama

Darasin wannan wata yana magana ne a kan wani gidan tarihi da ke ƙasar Ingila. Gidan tarihi shi ne wurin da ake ajiye kayan mutanen da, domin na baya su gani, su ƙaru da ilmi. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a birnin Kano ya san irinsa. A can ana ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da kayan sana'a. Shi kuwa wannan gida na Ingila, tsofaffin jiragen sama ake ajiyewa a cikinsa. Abin mamaki kuma, yawancinsu har yanzu suna tashi.

Inda gidan yake

Gidan yana wani ƙaramin ƙauye mai suna Old Warden, a gundumar Bedfordshire, wajen mil 40 arewa da birnin Landan. Gonaki ne suka kewaye shi. Filin da jiragen ke tashi ba shi da kwalta, ciyawa ce ake yanke ta, ta kwanta lif. A gefen filin akwai manyan rumfuna, a cikinsu akwai jirage kimanin 50. Ban da jirage akwai tsofaffin motoci da babura da kekuna da injinan noma. Sunan wurin Shuttleworth. Ana furta shi kamar haka: Shatilwat. Sunan zuriyar da ta mallaki ƙasar ne.

Dukiyar noma ce ta kafa shi

A shekarar 1842 wani mutum mai suna Joseph Shuttleworth ya haɗa jari da Nathaniel Clayton, suka buɗe masana'anta a garin Lincoln. Suna ƙera injinan sussuka da injuna masu aiki da tururi, suna sayar wa manoma a ƙasashe da yawa. Da Joseph ya yi arziki sai ya sayi gandun Old Warden a 1872.

Jikansa Richard Shuttleworth an haife shi a 1909. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, uwarsa Dorothy ta rene shi. Tun yana saurayi ba abin da yake so kamar inji. A 1928 ya fara sayen tsofaffin motocin da mutane suka yar, yana gyarawa. A 1932 ya sayi wani ƙaramin jirgi mai suna Moth, ya kai shi Old Warden. Wannan jirgi yana wurin har yau.

Richard ya yi tseren mota, har ya ci wata babbar gasa a 1935. A farkon 1936 ya yi mummunan hatsari a wani tsere a Afirka ta Kudu. Da ya warke sai ya bar tsere, ya mai da hankali ga tsofaffin jirage. A zamanin nan mutane ba su ɗauke su a bakin komai ba. In jirgi ya tsufa, sai a ƙone katakonsa, a sayar da ƙarfen. Shi kuwa Richard yana bin gonaki da garejoji yana nemansu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, Richard ya shiga sojan sama. Ranar 2 ga Agusta, 1940, yana koyon tuƙin dare, jirginsa ya faɗi, ya mutu. Shekararsa 31. Bai yi aure ba.

Da uwar ta ga dama, da ta sayar da kayan ta huta. Amma a 1944 ta mai da dukiyar kamar wakafi, ta danƙa ta a hannun amintattu. Ta ce a yi amfani da ita wajen koyar da ilmin jirgin sama da na noma da na dashen itatuwa. A 1946 aka buɗe makarantar koyon aikin gona a gandun, kuma har yanzu ana koyar da noma da kiwo a can. A 1963 aka buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su ga jiragen.

Jirgin da ya fi kowane tsufa

Jirgi mai inji ya fara tashi da mutum ne ranar 17 ga Disamba, 1903, a ƙasar Amurka. Wasu wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar keke, su suka ƙera shi. Tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama, ya ci tazarar ƙafa 120.

Bayan shekara shida, ranar 25 ga Yuli, 1909, wani Bafaranshe mai suna Louis Blériot ya ƙetare tekun da ya raba Faransa da Ingila cikin jirgin da ya ƙera. Tafiyar ba ta kai minti 40 ba. Ya sami kyautar fam 1,000. Daga nan mutane suka yi ta sayen irin jirginsa.

Ɗaya daga cikin waɗannan yana Old Warden. Ba shi ne ya ƙetare teku ba, ɗan'uwansa ne da aka ƙera a shekarar 1909 ɗin. Richard ya samo shi a 1935 a hannun wani mutum da ya daɗe da jingine shi. A duk duniya babu jirgin da ya kai shi tsufa cikin waɗanda ke iya tashi.

Wanda ya gan shi zai yi zaton wasan yara ne. Jikinsa katako ne da waya. Fukafukansa yadi ne aka ɗaura a kan sanduna. Tayoyinsa kamar na keke suke. Nauyinsa bai kai na buhun masara uku ba. Injinsa silinda uku ne, mai ƙarfin doki 25, wato bai kai yawancin taraktocin noma ƙarfi ba. In matuƙi yana so ya karkata, sai ya ja waya ta murɗa fiffiken gaba ɗaya. Saboda tsufansa ba a barinsa ya yi nisa. Yakan ɗaga kaɗan, ya bi tsawon fili, ya sauka.

Sauran jiragen

Na biyu shi ne Blackburn, ƙirar 1912. Shi ne mafi tsufa cikin jiragen ƙirar Ingila da ke tashi. Ya faɗi a 1914, aka yar da shi a wata gona. Richard ya samo shi a 1938. Bai ga ƙarshen gyaran ba, domin sai a 1949 aka gama, jirgin ya sake tashi.

Na uku shi ne Comet, wani jan jirgi mai inji biyu, wanda aka yi jikinsa da katako. A watan Oktoba na 1934 aka yi tsere daga Ingila zuwa birnin Melbourne na Ostireliya, tafiyar da ta wuce mil 11,000. Matuƙa biyu, Scott da Campbell Black, suka kai shi cikin ƙasa da awa 71, suka zo na ɗaya. A lokacin nan jirgin ruwa yakan yi fiye da wata guda a wannan hanya. Jirgin ya iso Old Warden a 1965. Sai a 1987 aka gama gyara shi ya tashi. Shekara 22 ke nan bayan isowarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na huɗu ya zauna a Afirka. Sunansa Miss Kenya. Shi ne jirgi na farko da aka yi wa rajista a ƙasar Kenya. Ya fara tashi a can a 1926, aka komar da shi Ingila a 1965. Guda uku kawai aka ƙera irinsa, shi kaɗai ya rage.

Akwai kuma jiragen yaƙi, kamar Spitfire da Hurricane, na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya haɗa labarin da Kano

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. Guda uku ne, na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A. Sun taso daga Masar ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi. Shugaban tafiyar sunansa Arthur Coningham. Babu filin jirgi a Kano a lokacin, a filin wasan dawakai suka sauka. Su ma katako ne da yadi da waya, masu fukafukai hawa biyu, kamar da yawa daga jiragen Old Warden. An ƙera irinsu da yawa, amma guda ɗaya tak ya rage, yana gidan tarihin sojan sama a Landan. Shi ma ba ya cikin ukun da suka zo Kano. Waɗancan sun ɓace, sai hoto da labari.

A 1936 aka fara zirga-zirgar jirgin wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. A 1940 kuma aka buɗe wata hanya saboda yaƙi. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can ake harhaɗa su. Sai su tashi zuwa Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta El Fasher da Hartum har Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Da yawa daga cikinsu Hurricane ne. Saboda haka ƙarar da ake ji a Old Warden in Hurricane ya tashi, irinta ce mutanen Kano da na Maiduguri suka riƙa ji a shekarun nan.

A Nijeriya ma akwai inda aka ajiye tsofaffin jirage. Gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia, a Jihar Abiya, yana da wasu jiragen da aka yi amfani da su a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Su dai a ajiye suke, ba sa tashi.

Yadda ake kula da tsohon jirgi

Abokan gaban tsohon jirgi huɗu ne: danshi da tsatsa da rana da zama wuri ɗaya. Danshi yana ruɓar da katako, yana sa gam ya saki. Tsatsa tana cin waya da ƙusa. Rana tana ƙona yadi. Inji kuwa in ya daɗe ba a tayar da shi ba sai ya cije. Duk manomin da ya taɓa barin injin ban ruwa a waje damina guda ya san wannan.

Ga abin da ma'aikatan gidan ke yi:

1. Suna ajiye jirage a cikin rumfa, inda ruwa da rana ba sa taɓa su.

2. Suna buɗe jiki su duba katako. Inda ya ruɓe ko ya tsage, kafinta ya sassaƙa sabo daidai da na da.

3. In yadi ya tsufa sai a yaye shi, a ɗinka sabo da allura da zare a jikin haƙarƙarin fiffike. Sannan a shafa wani irin fenti mai sa yadi ya ɗame kamar fatar ganga.

4. Makanikai suna kwance inji, su wanke, su auna kowane ƙarfe. Kayan gyaran waɗannan injuna babu su a kasuwa. Wanda ya lalace, sai a ƙera shi da hannu.

5. Ana ba kowane inji irin man da ya saba da shi. Wasu injunan farko, irin na Blackburn, suna juyawa ne gaba ɗaya tare da farfela. Man zurma ake zuba musu, wato man 'ya'yan cika-gida, domin shi ba ya narkewa cikin fetur.

6. Ba a barin jirgi ya tashi sai an duba shi, an ba shi takardar izini bisa dokar hukumar kula da jiragen sama.

Ma'aikatan da ake biya kaɗan ne. Akwai 'yan sa kai da yawa masu taimakawa kyauta. Ana kuma ɗaukar matasa su koyi aikin a wurin manya. Dalili shi ne, in tsohon gwani ya mutu bai koya wa kowa ba, jirgin zai saura amma babu mai iya taɓa shi.

Amfanin rubutu a wannan aiki

Kowane jirgi yana da littafinsa. A ciki ake rubuta ranar da ya tashi, da mintin da ya yi a sama, da gyaran da aka yi masa, da sunan wanda ya yi gyaran. Makaniken da ya zo bayan shekara 50 zai buɗe littafin ya san abin da na gabansa ya yi.

Akwai kuma zanen ƙira, wato takardun da maƙera na farko suka zana, suka rubuta tsawo da faɗi da kaurin kowane katako. Da irin waɗannan takardu wasu 'yan sa kai suka ƙera sabon jirgi mai fukafukai hawa uku, irin na Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai suna Sopwith Triplane. Ya tashi a 1992, yana Old Warden. Waɗanda suka yi zanen sun daɗe da mutuwa, amma rubutunsu ya koyar da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Ranar tashi

Daga watan Mayu zuwa Oktoba akan sa ranakun da jama'a ke taruwa kallo. Mutane suna biyan kuɗin shiga, da shi ake taimaka wa aikin gyara. Tsofaffin jiragen ba su da makullin tayarwa. Sai a sa wa tayoyi waigi, wani ya kama farfela da hannu ya wulwula ta, ya yi baya da sauri. Da yawansu ba su da birki. Shi ya sa filin ciyawa ya fi musu, domin ciyawa tana rage musu gudu in sun sauka. Matuƙan ƙwararru ne, da yawansu sun yi aikin gwajin sababbin jirage ko aikin soja. Jiragen da suka fi tsufa, kamar Blériot da Blackburn, ba a fito da su sai da yamma lis, in iska ta kwanta. In ba ta kwanta ba, ’yan kallo su haƙura.

A tashe su ko a ajiye su?

A kan wannan masana sun rabu biyu. Wasu sun ce abin da ya rage guda ɗaya a duniya bai kamata a yi kasada da shi ba. In ya faɗi, an yi asarar da ba ta da madadi, wataƙila har da rai. Maganarsu tana da hujja. Ranar 1 ga Yuli, 2012, wani ƙaramin jirgi ƙirar 1923 ya faɗi a Old Warden ana cikin iska, matuƙinsa ya mutu, alhali gwani ne.

Wasu kuma sun ce jirgin da ba ya tashi ba ya koyar da komai sai kamanninsa. Ba a jin ƙararsa, ba a sanin halinsa a sama, kuma sana'ar gyaransa takan mutu. Gidan Shuttleworth ya bi ra'ayi na biyu, tare da tsananta kiyayewa. Manyan gidajen tarihi da yawa sun bi na farko. Yana da kyau ɗalibai su tattauna wannan a aji, kowa ya kawo hujjarsa.

Abin koyi

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƙauyuka ba su da tsofaffin jirage, amma suna da masaƙa da zugazugi da mazari da sirdi da tsofaffin littattafan ajami. Kullum irin waɗannan kaya suna ƙarewa. Wasu gara ta cinye, wasu an sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan kuɗi kaɗan. Tsofaffin da suka san aikinsu su ma suna tafiya. Labarin Old Warden ya nuna abu uku da ke ceton kayan tarihi: wurin ajiya mai kyau, da yaron da zai koyi aikin, da rubutu. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya riga ya sami na ukun.

Sababbin kalmomi

Gidan tarihi: wurin ajiye kayan da domin jama'a su gani.
Farfela: abin da ke juyawa a gaban jirgi yana jan iska.
Amintattu: mutanen da aka danƙa wa dukiya su kula da ita.
'Yan sa kai: masu yin aiki don ra'ayin kansu, ba don albashi ba.
Zanen ƙira: takardar da ke nuna yadda ake ƙera abu da awonsa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa ƙauyen Old Warden yake?
2. Daga wace sana'a dukiyar gidan Shuttleworth ta samo asali?
3. Me uwar Richard ta yi da dukiyar bayan mutuwarsa?
4. A wace shekara jiragen sama suka fara sauka a Kano? Guda nawa ne?
5. Kawo abubuwa huɗu da ke lalata tsohon jirgi.
6. Don me ake rubuta littafi ga kowane jirgi?

Lissafi

1. An haifi Richard a 1909, ya sayi jirgin Moth a 1932. Shekararsa nawa a lokacin?
2. Blackburn ya faɗi a 1914, ya sake tashi a 1949. Shekara nawa ya yi a ƙasa?
3. Kwana ɗaya awa 24 ne. Awa 71 ta kai kwana uku? In ba ta kai ba, saura awa nawa?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemi wani tsohon kayan aiki a gidansu ko a unguwarsu. Ya tambayi dattijo ko dattijuwa sunansa, da wanda ya ƙera shi, da yadda ake aiki da shi. Ya rubuta amsar cikin layi biyar, ya sa kwanan wata, ya kawo wa malamin aji.